Karo ta baya: tambayoyi da amsoshi kan abin da fiziks ke faɗa game da raunin da ake ji

A Abuja, duk wanda ke bin hanyar AYA zuwa Nyanya da yamma, ko babban titin Kubwa da sassafe, ya saba ganin motoci biyu tsaye a tsakiyar cunkoso, direbobinsu sun sunkuya suna duba bamba da fitilar baya, suna ciniki a kan kuɗin gyara. Da wuya a ji an tambayi mutanen da ke cikin motar da aka buga yadda wuyansu yake, domin an ɗauka cewa girman lotsewar ƙarfe shi ne ma'aunin girman rauni. Wannan zato kuskure ne, kuma lissafin da ke nuna haka bai wuce na ɗan makarantar sakandare ba. Adadin da ke cikin misalan nan na lissafi ne, an zaɓe su don su yi sauƙin bi.

Mene ne momentam, kuma me ya haɗa shi da karon mota?

Momentam shi ne nauyin abu sau gudunsa. Daga dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687 aka fitar da ƙa'idar cewa idan abubuwa biyu suka yi karo, jimillar momentam ɗinsu kafin karon daidai take da jimillar bayan karon, abin da ɗaya ya rasa ɗayan ne ya samu. A ce mota mai nauyin kilo 1,500 tana tsaye a danja, wata mai nauyi irin nata ta zo da gudun kilomita 30 a awa ta buge ta, suka manne suka yi gaba tare. Momentam ɗin farko shi ne 1,500 sau 30, wato 45,000, kuma idan aka raba shi da nauyin motocin biyu, kilo 3,000, za a ga cewa dukkansu sun tafi da gudun kilomita 15 a awa. Ta baya ta rasa 15, ta gaba ta samu 15.

Wannan canjin gudu shi ne adadin da masu binciken haɗari suka fi damuwa da shi, fiye da gudun da mota take yi kafin karo. Motar da ke tafiya da 90 idan wata mai 100 ta taɓa ta ta baya, bambancin gudunsu 10 ne kawai, saboda haka bugun kansa ƙarami ne, ko da yake abin da zai iya biyo baya, kamar ƙwacewar sitiyari a wannan gudu, babban haɗari ne na daban.

Idan momentam ba ya ɓacewa, ina makamashin karon yake tafiya?

Makamashin motsi yana da nasa lissafin: rabin nauyi sau gudu sau gudu. Da yake gudu ya shigo sau biyu, ninka shi yana ninka makamashi sau huɗu. Motar nan mai kilo 1,500 tana ɗauke da kimanin jul 52,000 (jul shi ne ma'aunin makamashi) a gudun kilomita 30, amma a gudun 60 tana ɗauke da kimanin jul 208,000. Bayan karon da muka kwatanta, motocin biyu da ke tafiya tare da gudun 15 suna da jul 26,000 ne kawai a tsakaninsu. Ragowar rabin ya tafi wajen lanƙwasa ƙarfe, fasa roba da gilashi, da zafi da ƙara.

Shi ya sa kamfanonin ƙera motoci suke tsara gaba da bayan mota yadda za su lotse da gangan, su bar ɗakin fasinja da ƙarfinsa. Lotsewar tana cinye makamashi, kuma abin da ya fi wannan muhimmanci, tana tsawaita lokacin da canjin gudu zai ɗauka. Karo irin wannan yakan ƙare cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na sakan. Canjin gudu na kilomita 15 a awa, wato mita 4.2 a sakan, idan ya faru cikin wannan ɗan lokaci, jikin mutum zai sha turi kimanin sau huɗu na ƙarfin da ƙasa ke jan sa da shi. Idan lotsewar ƙarfe ta ninka tsawon lokacin, turin zai sauko zuwa sau biyu. Ina ganin masu walda ƙarfe mai kauri a bayan motarsu don kare bamba ya kamata su tsaya su auna wannan, domin abin da suka hana mota ta sha, kujera ce za ta miƙa wa bayansu cikin lokaci mafi gajarta.

Me ya sa wuya ne ya fi shan wahala a karo ta baya?

Saboda ba a tura jiki da kai lokaci guda. Idan aka bugi mota ta baya, mota ta yi gaba, kujera ta tura gadon baya da kafaɗu gaba, amma kai, wanda nauyinsa a babban mutum yakan kai kilo huɗu zuwa biyar, ba abin da ya taɓa shi tukuna, don haka yana nan inda yake kamar yadda dokar Newton ta farko ta ce abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa sai an tura shi. Wanda ya taɓa ganin an hankaɗi mai ɗauke da tulu a ka ta baya ya san abin da ke faruwa: jiki ya yi gaba, tulu ya faɗi baya. Bambancin kawai shi ne kai yana haɗe da jiki ta ƙasusuwan wuya guda bakwai, kuma su ne za su jawo shi ya bi.

Gwaje-gwajen da aka yi da na'urar ɗaukar hoto mai sauri sun nuna cewa a farkon lamarin, kafin kai ya gantsare baya sosai, wuya yakan ɗauki wata siffa da ba tasa ba, ƙasansa ya lanƙwasa baya yayin da samansa ya lanƙwasa gaba, kamar harafin S. A wannan lokaci ne ƙananan mahaɗan da ke bayan ƙasusuwan wuya, da jijiyoyin da suka ɗaure su, suke matsewa ko su ja fiye da kima. Daga nan kai ya gantsare baya, sannan kujerar da ta lanƙwasa ta dawo ta cilla jiki gaba, bel ya tare ƙirji, kai kuma ya zarce gaba. Duk wannan yana ƙarewa cikin ƙasa da rabin sakan, kuma sashen farko yana wucewa kafin tsokokin wuya su gama ɗaurewa don kare kansu, musamman ga wanda bai san za a buge shi ba.

Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa mata sun fi maza samun wannan rauni a karo iri ɗaya. Daga cikin dalilan da ake kawowa akwai sirantar wuya da ƙarancin tsoka idan aka kwatanta da nauyin kai, da kuma cewa an daɗe ana gwada kujerun mota da mutum-mutumi mai girman matsakaicin namiji.

An buge ni ta baya a wata danja a Wuse, bamba ko lotsewa ba ta yi ba, amma washegari na kasa juya wuyana. Yaya za a yi haka ta faru?

Abu ne da lissafi ya yarda da shi sarai. A karo mai ƙarancin gudu bamba ba ta cika lotsewa ba, sai dai ta matse ta dawo kamar roba, kuma wannan dawowar tana ƙara wa motar gaba turi. Idan motoci biyu masu nauyi ɗaya suka yi karo da bambancin gudu na kilomita 10, kuma ƙarfe ya lotse suka manne, ta gaba za ta samu 5. Idan kuwa ba abin da ya lotse, aka yi tsalle baya gaba ɗaya, za ta iya samun kusan dukkan 10 ɗin. Gaskiyar karo tana tsakanin waɗannan biyu, amma darasin a fili yake: rashin lotsewa ba ya nufin ba a tura ka ba, wani lokaci ma yana nufin an tura ka fiye da yadda za a yi da ƙarfen ya ba da kai. Ban da haka, abin da ido ke gani a waje murfin roba ne, ƙarfen da ke bayansa yana iya lanƙwashewa ba a sani ba sai an kwance.

Jinkirin ciwon kuma sananne ne ga likitoci. A lokacin haɗari jiki yana cikin firgici, wanda ke danne jin zafi, sannan kumburin jijiya da tsoka yana ɗaukar sa'o'i kafin ya taru. Shi ya sa mutum zai ce lafiyarsa ƙalau a bakin titi, ya yafe, a rabu, amma ya wayi gari da sanƙarewar wuya da ciwon kai daga ƙeya. Wannan ba ƙarya ba ce kuma ba raki ba ne.

Tifa ko tirela da ke tafiya a hankali cikin cunkoso za ta iya yi wa mutum illa?

Ƙwarai kuwa, domin a rabon canjin gudu mai ƙaramin nauyi ne yake kwasar kaso mafi yawa. A ce tifa da lodinta ta kai kilo 25,000, ta bugi ƙaramar mota mai kilo 1,200 da gudun kilomita 20 a awa. Tifar za ta rasa ƙasa da kilomita ɗaya daga gudunta, direbanta ma zai iya rantsuwa cewa ɗan taɓawa kawai ya yi, amma ƙaramar motar za ta samu canjin gudu na kusan 19, wanda ya fi abin da ta samu a misalinmu na farko inda mota irinta ta buge ta da 30. Haka lissafin yake tsakanin jif da Keke Napep, ko tsakanin mota da babur, inda ba kujera mai jingina balle abin tare kai.

Me ya sa birkin manyan motoci ke yawan ƙwacewa a gangara irin ta Kugbo?

Aikin birki shi ne mayar da makamashin motsi zafi. Motar da ke sauka daga tudu tana samun ƙarin makamashi daidai da nauyinta sau tsayin da ta sauko sau ƙarfin jan ƙasa. Tirela mai tan 30 da ta sauko mita 50 a tsaye tana tara kimanin jul miliyan 14.7, wato kusan sau 25 na abin da ake buƙata don tsayar da ƙaramar mota mai kilo 1,500 daga gudun kilomita 100. Idan direba ya dogara da birkin ƙafa kaɗai maimakon ya sauko da giya ƙasa injin ya riƙe motar, birkin zai yi zafi har ya daina kamawa, kuma lodin da ya wuce kima yana ƙara wannan zafi kai tsaye. Abin takaicin shi ne a ƙasan irin wannan gangara ne cunkoson masu komawa Karu, Nyanya da Mararaba yake taruwa, motoci a jere ba inda za su kauce. Dokar hanya ta Najeriya ta taƙaita gudun tanka da tirela zuwa kilomita 60 a awa ko a kan babban titi, inda ƙananan motoci ke da 100, kuma wannan bambanci daga lissafin nauyi ya fito.

Shin matashin kai da ke saman kujera yana da wani amfani, ko na jin daɗi ne kawai?

Ba don hutawa aka yi shi ba. Aikinsa shi ne ya tura kai gaba a lokaci guda da kujera ke tura baya, yadda kai da jiki za su tafi tare wuya bai shiga tsakani ba. Amurka ta wajabta shi a kujerun gaba na sababbin motoci tun daga Janairun 1969. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Saab da Volvo na Suwidin suka fito da kujeru na musamman, na Saab matashin yana matsowa gaba ya tarbi kai idan bayan mutum ya danna kujera, na Volvo kuma kujerar tana ɗan kwantawa baya don ta tsawaita lokacin turi.

Amma duk ingancinsa ba ya aiki idan ba a daidaita shi ba. Ya kamata samansa ya yi daidai da saman kai, ko aƙalla ya wuce saman kunnuwa, kuma tazarar da ke tsakaninsa da ƙeya kada ta wuce faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Matashin da aka bari a ƙasa, daidai wuya, yana iya zama abin da kai zai gantsare ta kansa. Direban da ke kwantar da kujera baya sosai yana tuƙi a kishingiɗe ya nisanta ƙeyarsa daga matashin, kuma jikinsa na iya zamewa sama a lokacin bugu. A motocin haya da yawa da ke jigila tsakanin Berger da Kubwa ko Area 1 da Lugbe za ka tarar an cire matasan gaba ɗaya, an kuma sa mutum biyu a gaba, huɗu a baya, yadda ba wanda ƙeyarsa ke fuskantar inda aka tanadar mata. A ganina wannan ya cancanci jami'an duba motoci su riƙa kula da shi kamar yadda suke kula da fitila da taya.

Tunda baya ake tura mutum cikin kujera, mene ne amfanin bel?

Amfaninsa yana zuwa ne a rabi na biyu na karon, lokacin da kujera ta mayar da jiki gaba, da kuma lokacin da motar da aka buga ta je ta bugi ta gabanta, abin da ya zama ruwan dare a cunkoso. A nan mutum ya sha bugu biyu a jere, na baya da na gaba. Jakar iska ta sitiyari ba ta fashewa a bugun baya, domin na gaba aka yi ta, saboda haka kujera da matashi da bel su ne kariyar da ake da ita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a Janairun 2003, amma har yanzu kaɗan ne ke ɗaurawa a kujerar baya.

Yaron da aka rungume a cinya shi ne mafi rashin kariya a motar. Idan mota ta tsaya da turin da ya kai sau 20 na jan ƙasa, yaro mai kilo 10 zai ja hannun uwarsa da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 200, kuma ba hannun da zai riƙe wannan.

Idan na hango a madubi cewa za a buge ni, me zan yi?

Ka jingina bayanka da ƙeyarka sosai, ka dubi gaba, kada ka waiwaya, domin wuyan da ke juye ya riga ya ja jijiyoyinsa na ɓangare ɗaya kafin bugu ya zo. Ka danne birki idan akwai mota ko mahaɗar hanya a gabanka. Birki ba ya rage turin farko da yawa, tunda riƙon taya da kwalta bai kai ko sau ɗaya na jan ƙasa ba, amma yana hana a cilla ka cikin wani karon. Kuma idan kana jiran juyawa hagu, ka bar tayoyin gaba a miƙe har sai ka tashi tafiya, don kada bugu ya tura ka cikin motocin da ke tahowa.

Shi kuma wanda ya yi bugun, wane haɗari yake ciki?

A gare shi karo ne na gaba, kuma idan abin da ya buga ya fi shi nauyi sosai, kusan dukkan gudunsa zai rasa nan take. Ƙaramar motar da ta afka wa bayan tirela a tsaye da gudun 60 tana rasa kimanin 57. Mafi muni shi ne bayan tirela ya fi gaban mota tsayi, sai motar ta shige ƙarƙashi, sashen da aka tsara don ya lotse bai taɓa komai ba, bugun ya sauka a kan gilashi da kawunan mutane. Wannan ne ya sa babbar motar da ta lalace a hanyar Zuba ko ta filin jirgi da dare, ba fitila sai ganyen da aka zuba a kwalta, take da matuƙar haɗari.

Maganin yana cikin tazara. A gudun kilomita 100 mota tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Idan direba ya ɗauki sakan ɗaya da rabi kafin ya gane ya taka birki, ya riga ya ci mita 42, sannan birki mai kyau a busasshiyar kwalta yana buƙatar wasu mita 56, jimilla kusan mita 100. A gudun 50 birkin mita 14 kawai yake buƙata. Kallon waya na sakan biyu a gudun 100 a titin filin jirgi tafiyar mita 56 ce ido rufe, kuma da damina, ko da taya ta suɗe, nisan birki yana ƙaruwa sosai.

Yaushe ya zama dole a je asibiti?

Nan take, ba tare da an motsa wuyan ba, idan akwai tsananin ciwo a tsakiyar ƙashin wuya, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko jin kamar ana tsira allura, ko suma, amai, ruɗewa, gani biyu-biyu, ko kasa riƙe fitsari. Tsofaffi kuma a duba su ko da ciwon bai yi tsanani ba. Masu taimako su guji fizgo mutum daga mota ta hammata kansa na lilo, sai fa in akwai wuta ko wani haɗari na gaggawa. Lambar kiran FRSC ita ce 122, Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja yana da cibiyar kula da masu munanan raunuka, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa.

Likitoci suna amfani da matakan da wani kwamitin masana a Kebek ta Kanada ya tsara a 1995, daga mataki na 0, inda ba ƙorafi, zuwa na 4, inda akwai karaya ko gocewar ƙashi. Yawancin mutane suna mataki na 1 ko na 2, wato ciwo da sanƙarewa, kuma hoton ƙashi ba ya nuna irin wannan rauni domin a jijiya da tsoka yake. Abin da ake ba da shawara a kai yanzu shi ne maganin zafi da komawa motsi a hankali, ba daɗewa da abin ɗaure wuya ba. Masu ɗori suna da matsayinsu a al'ummarmu, amma wuya ba hannu ba ne, laka ce ke ratsa cikinsa, kuma ja ko murɗa wuyan da ke da tsagewar da ba a gani ba yana iya kawo shanyewar jiki.

Za a iya amfani da wannan lissafi a gaban kotu ko kamfanin inshora a tabbatar cewa mutum ya ji rauni, ko bai ji ba?

Lissafi yana iya ƙiyasta canjin gudun mota daga nauyin motocin, zurfin lotsewa, sawun taya da inda suka tsaya, kuma motocin zamani da yawa suna da na'urar da ke adana bayanan sakannin karo. Yana iya nuna cewa labarin wani direba bai yi daidai da abin da ƙarfe ya nuna ba. Amma ba zai iya faɗin abin da ya faru a wuyan wani mutum takamaimai ba, domin hakan ya dogara da yadda ya zauna, inda ya juya kansa, tsayin matashinsa, shekarunsa, da ko yana da tsohon ciwo. Masana ba su yi ittifaƙi a kan wani adadin gudu da za a ce ƙasa da shi rauni ba ya yiwuwa ba, saboda haka wanda ya nuna hoton bamba mai lafiya ya ce wannan hujja ce cewa ba a ji ciwo ba ya ɗora wa fiziks abin da bai faɗa ba. Hukuncin rauni na likita ne bayan ya duba mutum.

Inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota, wadda kuɗinta ga motar gida ya koma naira 15,000 daga Janairun 2023, ba gyaran motar wanda aka buga kaɗai ta ƙunsa ba, ta haɗa da rauni da rasa rai. Don haka kafin a rabu a bakin titi, a ɗauki hoton motocin biyu inda suka tsaya, da lambobinsu, da takardar inshorar wanda ya yi bugun, da yadda kujera da matashin kai suke, sannan a je a ga likita a ranar ko washegari domin a samu rubutaccen bayani mai kwanan wata.